Daren da gajimare ya rufe mu a kan Dutsen Tebur

Duk inda mutum ya tsaya a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, in ya ɗaga kai zai ga Dutsen Tebur. A bayan gari yake tsaye, samansa a baje, faɗinsa daga wannan gefe zuwa wancan ya kai kusan kilomita 3. Kana cikin kasuwa kana ganinsa, kana bakin teku kana ganinsa. Wannan kusanci shi ke sa baƙo ya ɗauke shi wurin shan iska na cikin gari, alhali a samansa daji ne sosai, da yanayinsa na kansa wanda bai da alaƙa da abin da ake ciki a ƙasa.

Taron ƙara wa juna sani ne ya kai mu can cikin watan Nuwamba, ni da wani dattijo abokin aikina da nake kira Malam. A can lokacin farkon zafi ne, rana ba ta faɗuwa sai wajen bakwai da rabi. Ranar Juma'a aka sallame mu da wuri, muka tafi salla unguwar Bo-Kaap, inda masallacin Auwal yake, wanda aka kafa a 1794, mafi tsufa a ƙasar. Da muka ci abinci muka fito, sama tas take, babu ko ɗigon gajimare. Malam ya dubi dutsen ya ce, "Ƙanena, mu je mu ga gari daga sama, kafin la'asar ta yi sanyi mun dawo." Shadda ce a jikinsa da hula, ni kuma yadi mara nauyi da takalmi sau-ciki. Guzurinmu gorar ruwa ɗaya da 'yan ƙwayoyin dabino a aljihunsa, domin yana da ciwon suga, ba ya yawo babu su.

Hawan bai ba mu wata wahala ba. Akwai motar igiya da ke ɗaukar mutane daga gindin dutsen zuwa ƙoli cikin kamar minti biyar, tun 1929 take aiki, kuma daɓen cikinta yana juyawa a hankali don kowa ya ga ko'ina. A sama akwai wurin cin abinci da shago da hanyoyi shimfiɗaɗɗu, ga agwada suna shan hantsi a kan duwatsu ba sa gudun mutane. Daga nan ana hango tsibirin Robben, inda Nelson Mandela ya yi shekara 18 cikin 27 da ya yi a tsare. A jikin wani allo na ga taswirar hanyoyin dutsen, na ɗauke ta hoto don kawai ta ba ni sha'awa.

Allon ne ya nuna mana cewa ainihin ƙololuwar ba nan take ba. Tana can gabas, wurin wani tsibin duwatsu da masanin taurari Thomas Maclear ya sa aka tara don aikin awon ƙasa, tsayin wurin mita 1,086 daga teku. Tafiyar ba ta kai awa guda ba, kuma ga mutane suna zuwa suna dawowa. Muka bi su. Mun sauka wani ɗan kwari a bakin kwazazzabon Platteklip, wanda masu hawa da ƙafa suka fi bi, muka sake hawa, daga nan sai fili. Wani wuri an shimfiɗa katako a kan fadama, wani wuri dutse ne tsantsa, ba abin da ke nuna hanya sai sawun ƙafa da aka zana da fenti rawaya. A lokacin ban lura da yadda muke dogara da wannan fenti ba, domin ido yana ganin nesa.

Mun isa, mun huta, mun yi hotuna. Mutanen da muka tarar suka fara juyawa. Malam ya ce mu yi la'asar tukuna, muka raɓe gefe muka yi. Muna sallamewa na ji iska ta canza, ta taso daga kudu maso gabas da sanyi da danshi. Na waiga sai na ga wani farin abu yana hawowa ta bayan dutsen, a ƙasa-ƙasa, yana haɗiye duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Kafin mu sa takalma ya iso mu.

Daga baya na fahimci yadda abin yake faruwa. Iskar kudu maso gabas tana kwaso danshi daga teku, ta ci karo da dutsen, dole ta hau. Tana hawa tana yin sanyi, danshin ya dunƙule ya zama gajimare, ya kwanta a saman dutsen, ya zubo ta fuskar da ke kallon gari, in ya gangara inda ke da ɗumi ya narke. Mutanen gari suna tsayawa su ɗauki hotonsa saboda kyau, suna kiransa mayafin tebur. Wanda ke cikinsa kuwa ba ya ganin abin da ya wuce taku goma. Ba ruwan sama ake yi ba, amma cikin ɗan lokaci tufafinmu sun jiƙe sharkaf, ciyayin wurin ma tatsar ruwa suke yi daga gajimaren su zuba maka a ƙafa. Sannan babu rana, babu inuwa, babu gabas balle yamma. Kowane dutse kamanninsa ɗaya da na kusa da shi.

Hanya fiye da ɗaya ke tashi daga tsibin Maclear. Muka ga wadda ta fi fitowa fili muka kama ta, da yaƙinin ita ce muka zo ta kai. Mun ɗan jima muna tafiya kafin Malam ya tsaya ya ce, "Anya? Da muna zuwa ba mu hau tudu mai tsawo haka ba, me ya sa yanzu muke ta gangara?" Gaskiyarsa. Hanyar da muka zo ta kai kusan a miƙe take, wannan kuwa sauka take yi babu ƙaƙƙautawa. Na ciro waya. Ɗigon shuɗin da ke nuna inda mutum yake yana nan, domin shi da tauraron ɗan Adam yake aiki, ba ruwansa da layin waya. Amma taswirar da ke ƙarƙashinsa ta ƙi buɗewa saboda intanet ba ƙarfi, sai ɗigo a tsakiyar fili babu komai. Hoton allon da na ɗauka yana nuna hanyoyi, amma ba ya nuna inda muke. Abu biyu a hannuna, na kasa haɗa su.

Muka juya don mu koma sama. A kan wani faffaɗan falalen dutse hanyar ta ɓace mana gaba ɗaya. Mun yi dama, mun yi hagu, babu fenti, babu sawu. Sai muka ji ƙarar ruwa, muka tarar da wata 'yar ƙorama, ruwanta ja-ja saboda saiwoyi da ganyayen da yake ratsawa.

A nan ne tunanin da ya kusa halaka mu ya zo, kuma ya zo ne da kamar hikima. Wanda ya tashi a Kano, dutse a wajensa Dala ne ko Goron Dutse, duk ta inda ka gangara cikin unguwa za ka faɗa. Ga kuma abin da kowa ya sani, ruwa gangare yake bi, inda ruwa ya je akwai mutane. Muka yanke shawarar bin ƙoramar. Abin da ba ya cikin lissafinmu shi ne, a irin wannan dutse mai baje-bajen sama da miƙaƙƙun gefuna, ruwa ba ya sauka a hankali. Yana tafiya a fili har ya kai baki, sannan ya faɗa. Ƙorama ita ce hanya mafi gajarta zuwa gaɓar da babu dawowa.

Mun bi ta cikin ciyayi masu kaifi da suka kai mana ƙugu. Gangaren yana ƙara tsanani, dutsen yana ƙara santsi. Malam ya zame ya bugi gwiwa, ya tashi yana ɗingishi. Can sai ƙarar ruwan ta canza, daga gudu ta koma zuba, kuma iska ta fara bugo mu daga ƙasa maimakon daga gefe. Gabanmu fari fat, ba ka iya cewa ƙasa ce ko sarari. Na ɗauki ɗan dutse na jefa gaba. Ban ji saukarsa ba.

Malam ya riƙe hannuna. "Ƙanena, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Daga nan ba inda za mu ƙara."

Da rarrafe muka ja da baya, har muka sami wani babban dutse da ya tare iska, muka zauna a bayansa. Ina so in faɗi yadda tsayawa take da wuya, domin wanda bai shiga ba zai ɗauka ita ce mafi sauƙi. Jiki yana ce maka ka motsa ko ka ji ɗumi. Zuciya tana ce maka hanya tana nan kusa, taku hamsin kawai. Ga kunya, a ce manya biyu sun ɓata a dutsen da ake hangowa daga tagar masauki. Ga tsoron baƙo a ƙasar da ba tasa ba, kada a caje ka kuɗin da ba ka da shi, kada maganar ta kai ga 'yan sanda da takardu. Duk waɗannan sun zo mini, kuma kowannensu turo ni yake in tashi in ci gaba da lalube.

Hoton allon nan ne ya yi rana. A ƙasansa akwai lambar gaggawa ta masu ceto a daji da duwatsu na lardin, 021 937 0300. Layin waya yana zuwa yana ɗaukewa, sai da na miƙe na ɗan hau kan dutsen kafin kiran ya shiga. Wata mata ta ɗauka, muryarta a natse. Ba ta yi mini faɗa ba, tambayoyi ta jero: mu nawa ne, shekarunmu, akwai wanda ya ji rauni, akwai mai wata cuta, me muke saye da shi, ruwa da abinci nawa suka rage, cajin waya nawa ne, daga ina muka taso, wane wuri na ƙarshe muka gane, tun yaushe muke tafiya kuma hawa muke ko sauka. Da na ambaci ciwon sugan Malam sai ta dakata a kai, ta tambayi yaushe ya ci abinci da ko yana da maganinsa.

Ba a daɗe ba wani mutum ya kira ni, shi ne mai tsara aikin. Ya ce in tura masa inda nake ta WhatsApp. Saƙon ya tsaya yana juyawa bai tafi ba. Sai ya koya mini in danna ɗigon shuɗin in riƙe, lambobi biyu za su fito, in karanto masa su. Na karanto, ya maimaita, na tabbatar. Ya ce ya gan mu. Mun sauka ta kudu ne, ta hanyar da ake kira da sunan Jan Smuts, tsohon firaministan ƙasar da ya saba hawa ta nan, wato kishiyar inda motar igiya take. Yanzu kuma muna saman ɗaya daga cikin kwazazzaban da ke faɗawa ta gefen lambun Kirstenbosch. Jirgi mai saukar ungulu ba zai iya tashi cikin wannan iska da gajimare ba, don haka mutane za su zo da ƙafa, kuma zai ɗauki sa'o'i.

Umarninsa gajere ne. Kada mu bar wurin ko da gajimaren ya yaye mun ga kamar hanya. Mu kashe waya ɗaya, ɗayar a rage mata haske, kada a kunna fitilarta sai mun ji su. Kada mu zauna kai tsaye a kan dutse domin yana zuƙe ɗumin jiki. Mu matsu da juna. In riƙa jan Malam da hira, in na ji maganarsa ta fara sarƙewa, ko ya daina karkarwa alhali sanyi bai ragu ba, in kira nan take. Ya ƙara da cewa masu zuwa za su kira sunana, in ji shi kafin in amsa wa kowa. Na gane dalili, domin akan yi fashi a wasu hanyoyin dutsen.

Na tura saƙo ɗaya ga wani abokin taronmu don a sani a masauki, na ajiye wayar. Gida ban faɗa wa kowa ba, ba abin da za su iya yi daga can sai tashin hankali.

Muka karyo ciyayi muka shimfiɗa muka zauna a kai. Malam ya ci dabino, ya miƙo mini, na ce ya riƙe nasa ne. Shadda ba kayan sanyi ba ce, in ta jiƙe manne wa jiki take yi, iska na ratsa ta. Na cire jakar da ke bayana na sa masa a ƙirji cikin riga. Farin da ke kewaye da mu ya koma toka-toka, sannan ya yi baƙi. Agogo ya nuna magariba ta yi. Zuwa ƙorama a cikin duhun nan ba zai yiwu ba, muka yi taimama a jikin dutsen, muka duba alƙibla a waya, a can arewa take ta ɗan karkata gabas, muka haɗa magariba da isha a zaune. Bayan nan Malam ya kama karatu a hankali, in ya gaji in karɓa. Da haka nake auna lafiyarsa, muddin ayoyin suna fita daidai na san hankalinsa yana tare da shi. Haƙoransa suna kaɗawa, amma bai yi tuntuɓe a karatun ba.

Wannan zaman shi ne mafi tsawo a rayuwata. Wani lokaci iska takan yage gajimaren na ɗan daƙiƙu, sai ga fitilun unguwanni can ƙasa, reras, har motoci kana gani suna wucewa. Mutane suna cin abincin dare a inda idonka ke kaiwa, kai kuwa tsakaninka da su akwai gaɓar ɗaruruwan mitoci. Duk lokacin da aka yi haka sai ƙafata ta nemi tashi. Malam bai saki hannun rigata ba.

Mai tsara aikin yana turo gajeren saƙo lokaci-lokaci: sun taso, sun iso madatsun ruwa, sun kama hanya da ƙafa. Wajen ƙarfe goma na ji usur daga sama, can nesa. Sai kuma aka kira sunana, da lafazin da ba a saba ba, amma nawa ne. Na kunna fitilar waya ina kaɗawa, ina amsawa da iya ƙarfina. Iska tana ɗauke murya ta kai wani wuri, don haka sun ɗan jima suna kewaye kafin hasken fitilun goshinsu ya ɓullo.

Ba su ɗaga mu nan take ba. Ɗaya daga cikinsu, ma'aikaciyar jinya, ta durƙusa gaban Malam ta tambaye shi sunansa da ranar da ake ciki, ta auna sugansa, ta duba gwiwar ta ɗaure. Suka cire mana rigunan sama da suka jiƙe, suka sa mana busassu masu kauri, suka naɗe mu da wani bargon leda mai sheƙi da ke tsare ɗumin jiki. Suka ba mu shayi mai zafi. Sai da karkarwar ta lafa sannan suka ɗaura wa kowannenmu ɗamara da igiya, mutum ɗaya gaba, ɗaya baya, muka fara hawa. Abin da ya girgiza ni shi ne kusancin hanyar. Ba mu yi tafiyar minti ashirin ba muka hau kanta. Na faɗi haka, sai wanda ke gabana ya ce kusan kullum haka ne, kuma waɗanda suke samu da rai su ne waɗanda suka tsaya suka kira tun da sauran caji a waya.

Daga nan tafiya ce a hankali saboda gwiwar Malam. Muka ratsa wani wuri mai farin yashi, abin mamaki a saman dutse, muka fito bakin madatsar ruwa ta Hely-Hutchinson. Ashe akwai madatsu biyar a bayan dutsen, waɗanda aka gina don shayar da birnin. Ta Woodhead an gama ta a 1897, wannan kuma a 1904, da sassaƙaƙƙen dutse. Saboda su ne aka yi wata siririyar hanyar mota ta kankare da ke hawowa daga Constantia Nek, wata mashiga da ke kudancin dutsen, kuma a kanta motarsu take jira. Ba don wannan hanya ba, da sai an ɗauki Malam a gadon ɗaukar marasa lafiya ko mu kwana a can.

A cikin mota na yi tambayar da ke cina tun kafin in kira, nawa za mu biya. Suka ce ko sisi. Yawancinsu 'yan sa-kai ne, kowa da sana'arsa, wayarsu ce ke ƙara su bar gida su fito, tare da ma'aikatan agajin gaggawa na lardin da masu gadin gandun dajin da dutsen yake ciki. Suka ce da gangan ba a karɓar kuɗi, domin tsoron biya yana sa mutane jinkirta kira har sai abin ya lalace. Na daɗe ina juya wannan magana, don ni ma tsoron ya riƙe hannuna na wani lokaci. Malam ya yi ta sa musu albarka da Hausa, ina fassarawa, har muryarsa ta karye.

A Constantia Nek motar asibiti tana jira. Aka sake auna Malam, aka rubuta sunayenmu da lambar waya da inda muka sauka, ba wanda ya nemi fasfo. Suka ce ba sai an kwantar da shi ba, amma a duba gwiwar da safe. Abokin taronmu ya zo da tasi ya ɗauke mu, mun shiga masauki bayan ƙarfe ɗaya na dare. Washegari hoto ya nuna babu karaya, jijiya ce ta gurɗe, aka ba shi sanda da magani, aka kuma rubuta masa takardar da za a nuna a filin jirgi don a tura shi a keken marasa lafiya har bakin ƙofa.